Tekumse na Shawani da Yaƙin 1812

A ranar 18 ga watan Yuni, 1812, watau shekara 29 bayan da Ingila ta amince da 'yancin kan Amurka, ƙasashen nan biyu suka sake zare wa juna takobi. An yi shekara biyu da rabi ana gwabzawa a tudu da ruwa. Amurkawa suka ƙone gine-ginen gwamnati a York, garin da ake kira Toronto a yau, sojan Ingila kuma suka rama a Washinton, har gidan shugaban ƙasa bai tsira ba. Da aka gaji sai aka yi sulhu, kowa ya koma kan iyakarsa ta da, ba wanda ya ƙaru da ko taki ɗaya. Wannan ne ya sa akan ce an tashi kunnen doki. To, amma maganar tana da gyara, domin ba mutum biyu ne kaɗai a fagen ba. Akwai na uku, watau ainihin masu ƙasar da aka yi yawancin faɗan a kanta, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa tun daga kuskuren Kolumbus, wanda ya sauka a tsibiran Amurka a 1492 yana zaton Indiya ya isa. Su kam ka da su aka yi, kuma daga nan ba su sake haɗa wani ƙarfi da zai iya tare Amurka a gabashin kogin Misisifi ba. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne rayuwar mutumin da ya jagorance su a wannan yaƙi, Tekumse, wanda Turawa ke rubuta sunansa Tecumseh, da kuma dalilin da ya sa ya jingina da Ingila alhali ya san halinta sarai.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Tekumse wajen shekarar 1768 a yankin da ya zama jihar Ohayo, cikin ƙabilar Shawani. Akan fassara sunansa da tauraro mai gilmawa, ko kuma damisar da ke ƙetare sararin sama. Shawani mutane ne masu noman masara da farauta, mata ke riƙe da gona, maza ke shiga daji, suna sayar wa Turawa fatu su sayi bindiga da albarushi da tufafi. Yana ɗan shekara shida aka kashe mahaifinsa, Puckeshinwa, a yaƙin Point Pleasant, ranar 10 ga Oktoba, 1774, sa'ad da Shawani suka yi ƙoƙarin tare mutanen Bajiniya da ke kwararowa bakin kogin Ohayo. Bayan 'yan shekaru mahaifiyarsa ta bi wani ayarin danginta da suka yi ƙaura, ta bar shi a hannun yayarsa Tecumapease da wansa Cheeseekau. Wan nan ne ya koya masa farauta da yaƙi.

Ya tashi ne a cikin gudun hijira. Tsakanin 1779 da 1786 sojan sa kai na Kentaki sun ƙetaro kogi sau da dama sun ƙone garuruwan Shawani da rumbunan masararsu, kowane karo kuwa sai mutane su ƙara matsawa arewa ko yamma su sake kafa bukkoki. A lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka yawancin mayaƙan Shawani Ingila suka bi, don ita ce ke ba su makamai. Amma da aka zauna a Faris a 1783, Ingila ta miƙa wa Amurka dukan ƙasar da ke tsakanin manyan tabkuna da kogin Misisifi, ba ta shawarci masu ƙasar ba, ba a ma ambace su a takardar ba. Tekumse yana da shekara goma sha biyar a sa'an nan. Wannan shi ne karo na farko da ya ga yadda Ingila ke sallamar abokan yaƙinta.

Wani Bature, Stephen Ruddell, wanda aka kama yana yaro a 1780 ya girma a cikin Shawani tare da Tekumse, ya ba da labarin wani hari da suka kai wa jiragen kaya a kogin Ohayo. Bayan harin aka ƙone wani fursuna da ransa. Tekumse yana saurayi, ba shi da ta cewa a tsakanin manya, amma ya fito fili ya nuna ƙyamar abin, har ya sa abokan tafiyarsa suka yi alkawarin ba za su sake ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da halin nan nasa a gaba.

Wansa Cheeseekau ya faɗi a 1792 wajen wani hari kusa da Nashville. Shekara biyu bayan haka, ranar 20 ga Agusta, 1794, Janar Anthony Wayne ya karya rundunar ƙabilun da suka haɗa kai a wurin da ake kira Fallen Timbers, a bakin kogin Maumee. Tekumse yana cikin waɗanda suka yi faɗan, kuma ya rasa wani ɗan'uwan nasa a wurin. Abin da ya fi kayen ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Ingila tana da kagara kusa da fagen, ana kiranta Fort Miami, kuma jami'anta sun daɗe suna zuga ƙabilun da ba su guzuri. Da mayaƙa suka sheƙo da gudu suna neman mafaka, sai kwamandan ya sa aka rufe ƙofa, don kada ya jawo wa ƙasarsa yaƙi da Amurka. Karo na biyu ke nan. A shekara mai zuwa sarakunan ƙabilun suka sa hannu a yarjejeniyar Greenville, suka bar mafi yawan Ohayo. Tekumse bai halarci taron ba. A cikin hafsoshin da ke yi wa Wayne hidima a wannan yaƙi kuwa akwai wani saurayi ɗan Bajiniya mai suna William Henry Harrison.

Ƙane mai wa'azi

Shekara goma da suka biyo baya Tekumse ya yi su ne a matsayin shugaban wani ɗan ƙaramin gari, an san shi da iya farauta da kyauta da iya magana, amma sunansa bai yi nisa ba. Wanda ya fara yin suna ƙanensa ne, Lalawethika, mutum mai ido ɗaya, mashayi, wanda ba a ɗauke shi a bakin kome ba. A 1805 ya faɗi kamar matacce, da ya farfaɗo ya ce an nuna masa makomar masu laifi da ta masu kirki. Ya bar giya, ya sake suna ya koma Tenskwatawa, watau buɗaɗɗiyar ƙofa, ya shiga kiran jama'a su bar barasa da tufafin Turawa da auratayya da su, su koma kan al'adun kakanninsu. Turawa suka riƙa kiransa annabin Shawani. Wa'azin ya sami karɓuwa domin ya zo a kan gaɓa: cututtuka suna kashe mutane, namun daji sun yi ƙaranci, giya ta lalata gidaje. Yana kuma da mummunan gefe, don a 1806 an kashe mutane da dama a cikin ƙabilar Delaware bisa zargin maita, wasunsu kuwa an san su da kusanci da Amurkawa ko da masu wa'azin Kirista.

Harrison, wanda a lokacin ya zama gwamnan yankin Indiyana, ya aika wa mutanen Delaware cewa in mutumin nan gaskiya gare shi, ya nuna wata aya a rana ko wata. Tenskwatawa ya ce rana za ta yi duhu, kuma ranar 16 ga Yuni, 1806, aka yi husufin rana. Masana taurari na Turawa sun riga sun san da zuwansa, amma a idon jama'a gwamna ya tambaya an ba shi amsa. Mutane suka yi ta tururuwa daga nesa. A 1808 'yan'uwan biyu suka kafa sabon gari a inda kogin Tippecanoe ya haɗu da na Wabash, kuma a nan ne Tekumse ya soma juya wannan taro na addini ya zama ƙawancen siyasa.

Wa ke da ƙasa?

Sai an fahimci yadda ake karɓe ƙasar kafin a fahimci abin da Tekumse ya tsaya a kai. Gwamnatin Amurka ba ta cika son a ce ta ƙwata da ƙarfi ba, ta fi son a ce ta saya. A 1803 shugaba Thomas Jefferson ya rubuta wa Harrison wasiƙar sirri yana ba da shawarar a bar manyan Indiyawa su ci bashi a kantunan gwamnati, domin idan bashin ya fi ƙarfinsu za su yarda su biya da ƙasa. Harrison ya ƙware a wannan ciniki. Yakan nemo ƙabilar da ta fi talauci, ko wadda haƙƙinta a kan filin ya fi rauni, ya fara samun yardarta, sa'an nan ya matsa wa sauran. Da haka ne ranar 30 ga Satumba, 1809, a Fort Wayne, ya sa sarakunan Delaware da Potawatomi da Miami suka bar masa kusan eka miliyan 3 a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali gwamnati tana sayar wa manoma eka ɗaya dala 2.

A watan Agusta, 1810, Tekumse ya tafi Vincennes, hedkwatar gwamna, suka yi ido biyu da Harrison. Hujjarsa ita ce ƙasar ba ta ƙabila ɗaya ba ce, ta dukan 'yan ƙasa ce baki ɗaya, saboda haka ba wani sarki ko wata ƙabila da ke da ikon sayar da ko yanki sai da yardar kowa. Ya nemi a warware cinikin Fort Wayne, ya ce sarakunan da suka sa hannu sun cancanci kisa, kuma bai ɓoye ba cewa in aka ƙi zai nemi Ingila. Harrison ya amsa da cewa filin na Miami ne, Shawani baƙi ne a wurin, sa'an nan da Mahalicci ya so su zama al'umma ɗaya da bai ba su harsuna daban-daban ba. Kafin tafinta ya gama juya maganar Tekumse ya miƙe a fusace ya ƙaryata shi, mayaƙa suka ɗauki makamai, gwamna ya zare takobi. Da ƙyar aka rabu ba a zub da jini ba, kashegari kuma suka sake zama cikin ladabi, amma ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Hujjar Harrison ta harshe ba ta da ƙarfi, domin bambancin harshe bai taɓa hana mutane zama ƙarƙashin tuta ɗaya ba. Amma ya kamata a yi adalci a faɗi cewa ya taɓo wurin da ke da rauni. Abin da Tekumse ke kira al'umma ɗaya bai riga ya samu ba, so yake ya gina shi. Kowace ƙabila tana da sarakunanta da tsofaffin gabarta da maƙwabta. Ko a cikin Shawani, yawancin waɗanda ke Ohayo ba su bi shi ba, sun bi dattijo Black Hoof, wanda ya yi yaƙi da Turawa tun yana saurayi har ya yanke cewa ba za a iya da su ba, gara a koyi nomansu a zauna lafiya a kan ɗan abin da ya rage. Mafi yawan mabiyan Tekumse daga ƙabilun yamma suka fito, irin su Kickapoo da Winnebago da Potawatomi. Shi kansa ba a gidan babbar sarauta ya samo ikonsa ba, a bakinsa ya samo shi. Abin baƙin ciki ga mai nazarin harshe shi ne jawabansa ba su iso gare mu da harshen Shawani ba, sai abin da tafintoci suka juya da Ingilishi, wasu ma an ƙawata su bayan mutuwarsa. Duk da haka shaidar abokin gabarsa ta isa, don a 1811 Harrison ya rubuta wa sakataren yaƙi cewa mutumin nan yana cikin haziƙan da ba a cika samun irinsu ba, kuma ba don Amurka tana kusa ba da ya kafa daula irin ta Meziko ko Feru.

A damanar 1811 Tekumse ya nufi kudu don ya jawo manyan ƙabilun can. Chickasaw suka ƙi. Choctaw ma suka ƙi, bisa jagorancin sarkinsu Pushmataha. A cikin Creek ne kawai ya sami masu saurare, kuma tauraro mai wutsiya da aka gani a shekarar, da babbar girgizar ƙasar da ta soma ranar 16 ga Disamba a kwarin Misisifi, sun ƙara wa maganarsa nauyi a zukatansu. Amma Harrison bai jira ya dawo ba. Ya ɗauki mutum wajen 1,000 ya doshi garin Tippecanoe. Tekumse ya bar wasiyya kada a yi faɗa sai ya dawo, amma ganin runduna a bakin gari, mayaƙa suka far mata da asubahin 7 ga Nuwamba, bayan Tenskwatawa ya ba su tabbacin nasara. Harrison ya rasa mutum 62, aka raunata 126, amma bai gusa ba. Kashegari ya ƙone garin da abincin da aka tanada na hunturu. Da Tekumse ya dawo sai ya tarar da toka, kwarjinin ƙanensa kuma ya ragu ƙwarai.

Yaƙin 1812

Abin da ya haɗa Amurka da Ingila faɗa ya faro ne daga teku. Ingila tana yaƙi da Napoliyon na Faransa, ta kafa dokokin hana jiragen Amurka ciniki da ƙasashen da ke hannunsa, jiragen yaƙinta kuma suna tare na Amurka suna kwashe matuƙa da ƙarfi da sunan cewa 'yan Ingila ne da suka gudu. Amma mutanen yamma, irin su Henry Clay na Kentaki, abin da ya fi damunsu shi ne bindigogin Ingila da suke gani a hannun Indiyawa, kuma suna ganin maganin abin shi ne a ci Kanada. Shugaba James Madison ya kai maganar majalisa, Majalisar Wakilai ta yarda da ƙuri'a 79 a kan 49, ta Dattawa da 19 a kan 13. A cikin makon nan ne kuma Ingila ta janye dokokin cinikin, amma kafin labari ya ƙetare teku bakin alƙalami ya bushe.

Me ya sa Tekumse ya shiga? Ba ƙaunar sarkin Ingila ba ce, kuma bai manta da 1783 da 1794 ba. Lissafi ne. Mutanen Amurka sun haura miliyan 7 a ƙidayar 1810, mutanensa kuwa ba sa ƙera bindiga, ba sa yin albarushi, ba su da igwar da za ta fasa kagara. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ita ma Ingila tana bukatarsa, domin sojanta na ainihi a Kanada ta Sama ba su kai 2,000 ba, ga iyaka mai tsawon gaske. Kowa ya san abin da yake nema a wurin ɗan'uwansa, kuma a watannin farko cinikin ya yi kyau.

Ranar 12 ga Yuli Janar William Hull ya ƙetara daga Detroit ya shiga Kanada. Hanyar guzurinsa ɗaya ce, doguwa, ta cikin daji da fadama, kuma ita Tekumse ya sa wa ido. Ranar 5 ga Agusta, a Brownstown, ya yi kwanton ɓauna da 'yan mutane kaɗan ya tarwatsa soja wajen 200, ya kama jakar wasiƙunsu, wadda ta nuna cewa hafsoshin Hull sun yanke ƙauna daga gare shi, shi kuma tsoro ya kama shi. Hull ya janye ya koma Detroit. Ranar 13 ga wata Janar Isaac Brock ya iso Amherstburg, suka gana da Tekumse, jininsu ya haɗu nan take, don dukansu masu son a far wa abokin gaba ne kafin ya shirya. Brock yana da soja da 'yan sa kai wajen 700, Tekumse da sauran shugabanni suna da mayaƙa wajen 600, Hull kuwa yana da fiye da 2,000 a bayan ganuwa. Brock ya sa wa 'yan sa kai jajayen rigunan soja, ya aika wa Hull cewa in faɗa ya ɓarke ba zai iya riƙe Indiyawa ba. Ana kuma ba da labarin cewa Tekumse ya sa mutanensa suka yi ta gilmawa ta wani fili suna zagayowa ta cikin kurmi, don a ga kamar ba su da iyaka. Ranar 16 ga Agusta Hull ya miƙa wuya ba tare da ya yi wani faɗan kirki ba. Daga baya kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, Madison ya yafe masa.

Wannan ita ce ranar da tauraron Tekumse ya fi haske. Brock ya rubuta Landan yana yabonsa, ya kuma nemi kada a manta da haƙƙin Indiyawa idan an zo sulhu. Amma ranar 13 ga Oktoba harsashi ya sami Brock a Queenston Heights, kusa da Niagara, jagorancin yamma kuma ya koma hannun Henry Procter, mutum mai taka-tsantsan wanda bai iya zama da abokan ƙawance ba.

A farkon Mayu, 1813, Procter da Tekumse suka kewaye Fort Meigs a bakin Maumee, inda Harrison yake. Igwa ba ta yi wa kagarar kome ba, amma ranar 5 ga wata wata rundunar Kentaki ta mutum wajen 800 da ta zo agaji ta bi mayaƙa cikin kurmi, aka rufe ta, aka kashe wasu aka kama mafi yawa. Aka kora fursunonin zuwa kangon Fort Miami, wurin nan da aka rufe wa Tekumse ƙofa shekara 19 da suka wuce. Wasu mayaƙa suka fara karkashe su a gaban masu gadi na Ingila, waɗanda suka kasa hanawa. Tekumse ya zo a sukwane ya shiga tsakani ya tsayar da kisan, kuma an ce ya yi wa Procter kaca-kaca a kan sakacinsa. Waɗanda suka tsira ne suka kai labarin gida, kuma daga nan ne Amurkawa suka soma girmama mutumin da suke neman kashewa.

Abin da ya yanke hukunci a ruwa ya faru. Duk abincin rundunar Procter, da na dubban iyalan Indiyawa da suka taru a Amherstburg, ta tabkin Erie yake zuwa. Ranar 10 ga Satumba Oliver Hazard Perry da jirage 9 ya kama dukan jiragen Ingila 6 da ke tabkin. Procter ya ɓoye labarin, ya soma rushe kagararsa a asirce yana shirin gudu gabas. Da Tekumse ya gane, ya tashi a gaban taro ya tuna wa Turawa yadda suka yi sulhu a bayan idon abokansu a yaƙin farko, da yadda suka rufe ƙofa a Fort Miami. Ya kamanta Procter da ƙosasshiyar dabba mai ɗaga wutsiya, wadda da ta tsorata sai ta matse ta tsakanin ƙafafu ta arce. Ya ce in tafiya za su yi, su bar wa Indiyawa bindigogi da albarushi, domin su a ƙasarsu suke so a binne su. A gaskiya ta fuskar soja Procter yana da hujja, don ba a riƙe wuri ba abinci. Amma ga Tekumse kowace tafiyar yini zuwa gabas nesanta shi take yi da ƙasar da ya shiga yaƙin dominta. Ya yarda ya bi ne kawai da aka yi masa alkawarin za a tsaya a yi faɗa a bakin kogin Thames na Kanada.

Janyewar ta zama shiririta. Aka bar kayan yaƙi a baya, mayaƙa da yawa suka watse, har waɗanda suka rage tare da Tekumse ba su wuce 500 ba. Ranar 5 ga Oktoba, 1813, kusa da Moraviantown, Harrison ya cim musu da mutum fiye da 3,000. Sojan Ingila, a gajiye kuma da yunwa, suka ja layi tsakanin kogi da fadama, igwarsu ɗaya tak, ita ma ba ta tashi ba. Mahayan Kentaki na Richard Mentor Johnson suka keta su cikin 'yan mintoci, yawancinsu suka ɗaga hannu, Procter ya ranta a na kare. Indiyawa suka ci gaba da faɗa su kaɗai a cikin fadama, har harsashi ya sami Tekumse. Da labarin ya bazu sai suka janye cikin kurmi. Yana da shekara wajen 45. Sojan Kentaki sun yanki fatar wata gawa da suka zaci tasa ce suka tafi da ita gida, amma ba a tabbatar da gawarsa ba, kuma har yau ba a san kabarinsa ba.

Bayan mutuwarsa

Yaƙin ya ci gaba fiye da shekara guda ba shi. A kudu, ɓangaren Creek da ya amsa kiransa ya gamu da Andrew Jackson a Horseshoe Bend ranar 27 ga Maris, 1814, aka kashe musu mutum wajen 800, sa'an nan aka karɓe wa ƙabilar fiye da eka miliyan 20, har da ta waɗanda suka taimaki Jackson.

Da wakilan ƙasashen biyu suka zauna a Ghent, cikin Beljiyam ta yau, a watan Agusta, 1814, Ingila ta fara da neman a keɓe wa Indiyawa ƙasa tasu tsakanin Amurka da Kanada, a kan iyakar Greenville, ta ce ba sulhu sai da wannan. Kusan abin da Tekumse ya mutu yana nema ke nan. Wakilan Amurka, cikinsu har da John Quincy Adams da Henry Clay, suka ce gara a ci gaba da yaƙi. Da aka ci Ingila a Plattsburgh a watan Satumba, ga baitulmali ya gaji da shekaru ashirin na yaƙin Faransa, sai ta sauka. A maimakon ƙasa aka sa sashe na 9, wanda ya ce a mayar wa ƙabilun haƙƙoƙi da mallakar da suke da su a 1811. An sa hannu ranar 24 ga Disamba, 1814, ba wakilin Indiyawa ko ɗaya a ɗakin, kuma ba a mayar da ƙasar da aka karɓe wa Creek ba. Karo na uku ke nan.

Waɗanda suka zaɓi hanyar lallashi su ma ba su tsira ba. A 1830 Jackson, yana shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun gabas zuwa ƙetaren Misisifi. Choctaw, waɗanda suka ƙi Tekumse suka yi wa Jackson yaƙi, suna cikin na farko da aka tasa. Mutanen Black Hoof, da gonakinsu da gidajensu irin na Turawa, sun bar Ohayo a 1832 zuwa Kansas. Shi kuwa Johnson, wanda magoya bayansa suka yi ta shelar cewa shi ya harbe Tekumse, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 1837, Harrison kuma ya ci zaɓen 1840 da sunan Tippecanoe, ya mutu wata ɗaya bayan rantsar da shi. Wani lauya a Ohayo ya raɗa wa ɗansa da aka haifa a 1820 suna William Tecumseh Sherman, yaron da ya girma ya zama babban kwamandan sojan Amurka a zamanin yaƙe-yaƙen da aka yi da ƙabilun yamma. Tenskwatawa ya zauna a Kanada fiye da shekara goma yana karɓar ɗan fansho daga Ingila, sa'an nan ya komo Amurka ya taimaka wajen lallashin Shawani su yi ƙaura. Ya mutu a Kansas a watan Nuwamba, 1836.